Ragowar Gada

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota, kuma a cikinsu babu irin ofishin da ban shiga ba. Na san ma'aikacin da ake gaisarwa a durƙushe, na san wanda in ka durƙusa masa ka gama yawo, ya raina ka ke nan. Karatuna bai wuce in haɗa baƙi in gane allon bakin hanya ba, amma fuskar mai biro tun daga ƙofa nake karanta ta. Shi ya sa ranar da gadarmu ta karye, mutanen tsallake suka ce a bar wa Direba. Ni ma na ce a bar mini.

Rafi ne ya raba garinmu biyu. Ofishin ƙaramar hukuma da asibiti da kasuwa duk suna wancan ɓangaren, mu kuwa, gida arba'in da 'yan kai, muna tsallake. Gadar ba wata abar a zo a gani ba ce. Kankare ce a kan ƙafa biyu, in mota ta hau sai mai keke ya jira. Akwai wata hanya da ta zagaya ta bayan gonaki, amma da damina ko tarakta tsoronta take ji.

Ta kan gadar nan Nas take zuwa gidana. Matata tana da ciwon suga, ga shi wata biyar da suka wuce ƙusa ta soke ta a tafin ƙafar dama, wurin ya ƙi rufewa har ya zama gyambo. Ƙaramar hukuma ta ware ma'aikaciya guda mai bin tsofaffin da ba sa iya takawa, har ɗaki. Duk bayan kwana biyu sai mu ji ƙarar babur ɗinta. Ta ajiye jaka, ta sa safar hannu, ta wanke ciwon, ta datse naman da ya mutu da ɗan almakashi, ta naɗe. Tana yi tana tsokana.

"Mama, kin sha shayi da suga. Ina gani a idonki."

"Wa ya kai miki gulmata? Wannan tsohon? Shi da yake ɓoye gwangwanin a ƙarƙashin matashi yana lasa."

Nas ta sha faɗa mana cewa muddin ana wankin nan a kan kari, ƙafar tana nan daram. A duk rayuwata wannan ne abu ɗaya da na yaba wa hukuma a kansa ba don ina neman wani abu a wurinta ba.

Ruwa na uku a daminar ne ya karya gadar, da hantsi, muna tsaye muna kallo. Saman ya rabe biyu ya faɗa cikin rafi, ƙafa ɗaya ta kwanta, ɗayar ta tsaya a karkace kamar haƙorin tsohuwa. Ɓaraguzan suka tare ruwa, ya fara komawa baya yana lasar katangun gidajen bakin rafi. Muka taru, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Na bari suka gaji, sannan na yi gyaran murya.

"Ku saurara. Ni na san mutanen ofis. Ba sa son wanda ya naɗe hannu yana jira. In suka zo suka tarar mun share wuri fes, babu abin da ya rage musu sai zuba siminti, kunya ma ta ishe su."

Kwana uku muka yi da guduma da baro. Ƙafar da ta tsaya ita ta fi ba mu wuya, yini guda muka yi a kanta, kuma ni na fara ɗora mata guduma, da tsufana, ana tafa mini. Ɓaraguzan kuwa ko tsakuwa ba a bari ba. Wannan ya ja fallen kankare ya kai ƙofar gidansa, wancan ya cike ramin tsakar gida, Maƙeri ya kwashe rodin gaba ɗaya. Da muka gama, in baƙo ne kai, sai ka rantse tun da aka halicci rafin nan ba a taɓa ɗora masa komai ba.

Rana ta huɗu na naɗe wando na tsallaka, ruwa iya cinya. Sashen ayyuka ɗaki ne mai fanka ɗaya da ba ta juyawa, da kabad ɗin ƙarfe uku, an tokare ƙofar ɗaya da dutse. Masinjan wurin abokina ne tun muna samari, shi ya shigar da ni ba tare da na yi zaman benci ba. Injiniya siriri ne mai tabarau, ba zai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya saurare ni, ya ce zai zo gobe. Abin da ban taɓa gani ba, sai ga shi ya zo goben.

Ya tsaya a bakin rafi da fayil a hammata, ya duba hagu, ya duba dama.

"Baba, ina gadar?"

"A nan take, ranka ya daɗe. Daga wancan dutsen zuwa nan."

"Ban ce ina take a da ba. Ina abin da ya rage?"

Na yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani. "Ai mun sauƙaƙa muku. Mun share."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya buɗe fayil ɗin ya zaro takarda biyu, fara da shuɗiya, ya riƙe ɗaya a kowane hannu kamar mai talla.

"Wannan farar ta gyara ce. A hannuna take. In na sa hannu yau, akwai siminti a sito, akwai tifa, mako biyu kuna hawa gada. Wannan shuɗiyar ta sabon aiki ce. Babban birni take tafiya, kwamitin da ke duba ta sau ɗaya yake zama a shekara, kuma sun zauna watan jiya."

"To a cike farar."

"Farar tana son hoto. Hoton abin da za a gyara. Da kun bar mini ko ƙafa ɗaya ce a tsaye, ko a karkace take, da yanzu na gama. Ni ba zan rubuta gyara a kan ruwa ba, Baba. Aikina ne zai tafi."

Maƙeri yana bayana. Ban juya ba, amma na ji idonsa a ƙeyata. Injiniya ya ɗauki hoton rafin, ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

A makon Nas ta tsallako sau biyu da ƙafa, jaka a ka. A na biyun santsi ya kwashe ta, ta sha ruwa, da ƙyar aka kamo jakar. Ta shigo ɗakinmu a jiƙe sharkaf, ta yi aikinta ba tsokana. Da ta gama ta kira ni waje.

"Baba, ogana ya hana ni ƙetarewa. Ya ce in ruwa ya ci ni babu takardar da ta rufe ni. Ku dawo da Mama cikin gari. Yau ruwan a ƙugu yake, mutum huɗu sun isa su ƙetare da ita. Jibi ban san inda zai kai ba."

"A kai ta ina?"

"Ba 'yarku tana bayan kasuwa ba?"

Tana can. 'Yarmu ta fari ce, tana auren wani tela, ɗaki biyu gare su da 'ya'ya biyar. Ni da telan nan ba ma ga maciji tun ranar da na faɗa a gaban mutane cewa namijin da ke zaune yana taka keken ɗinki ba zai riƙe gida ba. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da gidan, ni kuma ban janye maganar ba. A ranar da Nas ta yi maganar nan ma ya aiko 'yar tawa ta tsaya a wancan bakin tana ɗaga murya, wai sun kwashe yara sun koma ɗaki ɗaya, an share ɗayan, an shimfiɗa katifa.

Na ce ta koma ta yi masa godiya. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

"Uwar yara, mako biyu kawai. Na ga inda ƙofar take. Injiniyan nan hoto yake so, hoto zan ba shi."

Ta kalli rufin ɗaki. "Duk yadda ka ce, Malam."

Nas ta bar mini auduga da bandeji da ruwan wanki, ta nuna mini yadda ake yi, ta ce in na ga launi ya canja ko na ji wari in kira ta a waya ko tana wanka ne. Ta maimaita sau uku. Na ce mata ni da na sauke injin mota na mayar ni kaɗai a daji, tafin ƙafa ba zai gagare ni ba.

Washegari na ɗauki baro na fara bin gida gida ina roƙon gada.

Ba ƙaramin aiki ba ne ka karɓe abin da mutum ya riga ya saba da shi. Matar mai gyaran rediyo ta mai da nata fallen wurin wanki, ta ce shekara ashirin tana wanki a kan taɓo, sai yanzu da bayanta ya huta.

"Ai kai ka ce a kwashe, Direba."

"Ni ne. Yanzu kuma ni na ce a mayar."

"Gobe kuma ka ce a kwashe?"

Ta bayar, amma sai da ta gama wankin ranar ina tsaye. Wani ya riga ya shafe nasa da ƙasa a dokin ƙofa, sai da muka fasa dokin ƙofar. Maƙeri kuwa ya nuna mini rodin: rabi ya zama tagar ɗakin wani ango, rabi ya zama fartanya.

"In kana so in bi gonaki in karɓo, sai ka ce a gyara gada da fartanya. Wataƙila akwai takarda mai launin ɗorawa ta wannan."

Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Ya tono mini sanda shida da suka rage a bayan maƙera, ya lanƙwasa su yadda za su yi kama da abin da ruwa ya murɗe.

Magini muka samu ya tsara mana. Da safe, kafin ruwa ya ƙaru, sai mu shiga mu shida da igiya a ƙugu, mu jera ɓaraguzan a gurbin tsohuwar ƙafar, babba a ƙasa, ƙarami a sama, a cusa duwatsu ta bayan da kyamara ba za ta gani ba. Sau biyu ruwa yana rushe mana, muna sakewa. Na manta rabon da in ji daɗin aiki kamar na kwanakin nan. Ina ba da umarni, ana bi.

Wankin ƙafa kuwa, kwanakin farko na yi shi yadda aka nuna mini. Daga baya sai in dawo a gajiye, hannuna duk ya farfashe, in tarar ta riga ta naɗe da kanta.

"Na wanke, Malam. Ka je ka huta."

"Yaya wurin?"

"Da sauƙi."

Ta koma rufe ƙafar da zane biyu, wai sanyi take ji. Abinci sai ta taɓa ta ture. Wata rana da azahar na shigo na ji wani abu a ɗakin, kamar an manta nama a leda. Na tsaya. Na san warin, na taɓa jin sa a jikin wani abokin aikina da mota ta danne wa ƙafa. Na buɗe taga, na ce ɓera ne ya mutu a rufi, na ɗauki hulata na koma rafi. Nas ta kira sau biyu a ranar. Na ce mata komai lafiya, ina cikin ruwa, zan kira. Ban kira ba.

Rana ta goma sha uku ƙafar gada ta tsaya. Ta fi mutum tsawo, ta ɗan karkata, rodi ya leƙo ta sama a murɗe. Wallahi ko ni da na gina ta, in na ja baya na kalla, sai in ji tausayinta.

Masinja ya sake yi mini hanya. Injiniya ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya a wancan bakin, ni na tsallaka na same shi, ruwa har ƙirji. Ya kalli abin ya daɗe. Sai ya fashe da dariya, ba ta mugunta ba, har yana riƙe ciki.

"Baba, wa ya yi muku wannan? Ku ba ni shi in ɗauke shi aiki."

"Ruwa ne ya janye, ranka ya daɗe, sai ga ta ta fito."

"Ruwan da ya kai maka ƙirji ne ya janye?"

Ya daina dariyar, ya jawo ni gefe inda direbansa ba zai ji ba.

"Da wannan na tarar ranar farko, ko na gane, da na rufe ido na ɗauka. Amma rahotona ya tafi babban birni tun a makon. Na rubuta abin da na gani, babu gada. Suka buɗe rajista suka soke lambarta. Farar takarda, layin farko, lambar gada take tambaya. Me zan rubuta?"

"Tsohuwar lambar."

"Na'ura ba za ta karɓa ba. Na gwada, Baba, tun ranar da Masinja ya gaya mini halin da matarka take ciki. Sau uku na gwada. A wurinsu ba a taɓa yin gada a nan ba sai wadda za a yi." Ya nuna ƙafar tamu da haɓa. "Wannan kuma, in ta tare ruwa ya shiga gidan wani, sunanta toshe magudana, kuma akwai takardar wannan. Ni ban gani ba. Ku cire kafin wanda ya fi ni ya gani."

Ya ce shuɗiyar takardar tana kan layi, ya sa mata alamar gaggawa. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ban samu abin da zan zage shi a kai ba, kuma na nema.

Na tsallaka na wuce mutanenmu a bakin rafi. Na shiga ɗaki, ruwa yana ɗiga daga rigata, na yaye zanen nan biyu. Ta kai hannu za ta hana ni, hannun ba ƙarfi. Na warware bandejin.

Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Baƙin ya haura bayan ƙafar, daga nan kuma ja ya ɗauka har ƙwauri. Jikinta zafi kamar murfin injin.

Ƙofar ɗakinmu muka cire muka ɗora ta a kai, muka ɗaure ta da zannuwa. Mutum takwas, dogaye zalla, kowa da igiya. Rana tsaka, gari duk ya fito, babu mai magana sai Maƙeri da ke gaba yana cewa a taka a hankali, akwai rami. A tsakiya ruwan ya kai mini wuya, ƙofar tana bisa kawunanmu, ina jin nishinta ta cikin katako. Muka wuce ta gefen ƙafar da muka gina, wani ya dafa ta don ya huta, wani falle ya zame ya nutse.

Tela yana tsaye a wancan bakin cikin ruwa har gwiwa, shi ya fara kama ƙofar. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Nas ta riga ta fito da motar asibiti. Ta ɗaga zanen ta duba, ta mayar, ta ce wa direban kada ya tsaya a namu asibitin, ya wuce babban. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

A babban asibiti likita ya danna ƙwaurin da yatsa, ya tambaye ni yaushe baƙin ya fara.

"Kwana tara," in ji matata, idonta a rufe.

Likita ya rubuta ya fita kiran wani. 'Yarmu ta bi shi tana kuka. Muka rage mu biyu.

"Kin sani kwana tara, ba ki faɗa ba?"

"Ka ce mako biyu." Ta buɗe ido. "Kuma na ga kana jin daɗin aikin."

Suka kawo takarda, Tela ya karanta mini ita a hankali, layi layi, ya nuna mini inda zan dangwala. Ƙasan gwiwa za a yanke. Likita ya ce da mun zo a makon farko, da yatsa ɗaya ne, wataƙila ma babu. Bai faɗa don ya ci mini fuska ba, tambayarsa na yi.

Kwana biyu bayan aikin, da la'asar, ina zaune a kan kujerar roba a gefen gadonta. Ɗakin gado goma ne, kowa da nasa. 'Yarmu ta fita wanke kwanuka. Bargon ya tashi a kan ƙafar hagu, a dama kuwa daga gwiwa ya kwanta shafal a kan katifa. Ta motsa, ta buɗe ido rabi, maganin bai gama sakinta ba.

"Malam."

"Ina nan."

"Tafin ƙafar nan yana mini ƙaiƙayi. Mai ciwon. Sosa mini, amma a hankali, kada ka taɓa bakin gyambon."

Na duba ko akwai ma'aikaciya kusa, babu. Matar da ke gadon gefe ta juyar da kanta bango. Na matsa da kujerar zuwa ƙarshen gadon, na ɗora hannuna a kan bargon, daidai inda nake ganin tafin zai kai, na fara sosa katifa.

"Ba nan ba," ta ce. "Ƙasa kaɗan."

Na yi ƙasa kaɗan.